MacBook masu zuwa: mai inci 12 zai dawo, ko sai dai a ƙara girma?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. An kwana biyu ba mu taɓa zancen Apple ba, to ga wata. A 2025 dai laftof ɗinsu na MacBook girma huɗu ne: Air mai inci 13.6, Air mai 15.3, Pro mai 14.2, sai Pro mai 16.2. Tun da babban Air ya fito a watan Yunin 2023 har zuwa 2025 ba a ƙara wani sabon girma ba. Amma raɗe-raɗi ya yi yawa. Ming-Chi Kuo, wanda ya yi suna wajen bin diddigin masana'antun da ke yi wa Apple kaya, ya ce a 2025 ana shirin wani MacBook mai araha da zai yi amfani da A18 Pro, wato furosesan da ke cikin iPhone 16 Pro, kuma fuskarsa wajen inci 13. Wani rahoto daga Taiwan kuma ya ce 12.9. Ni hasashena, wannan ita ce ƙofar da ƙaramin nan mai inci 12 zai dawo ta cikinta. Na biyu, ina ganin babban Pro zai ƙara girma idan suka koma fuskar OLED, wadda kowane ɗigonta ke ba da haskensa da kansa, ya kai inci 17. Me kuka gani?

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Wai da ma an taɓa yin mai inci 12? Ni 13 na taso na gani.

Baban Hanifa:
An yi mana, Auta. A 2015 ya fito, sunansa MacBook kawai, babu Air babu Pro. Nauyinsa bai cika kilo ɗaya ba, gram 920 ne, babu fanka a cikinsa, kuma rami ɗaya tak gare shi na USB-C, da shi za ka yi caji da shi za ka sa filas. A 2019 aka daina yinsa. Kafin shi ma akwai Air mai inci 11.6 daga 2010 zuwa 2016. Can baya a 2003 kuwa PowerBook mai 12 da mai 17 rana ɗaya aka sanar da su. Abin da ya kashe na 2015 furosesan Intel ne, ba shi da ƙarfi, in ka matsa masa ya ɗau zafi ya rage gudu. Yanzu da Apple ke yin nasa furosesan na Mac tun 2020 wannan matsalar ta kau. Air na yanzu ma ai babu fanka. To me zai hana?

Mai Gyaran Beirut:
Baban Hanifa, Intel na da nasa laifin, amma ba shi kaɗai ya kashe shi ba. Ka manta da kibod. Don su sirantar da shi suka ƙirƙiro maɓallan nan da suke kira malam-buɗe-littafi, waɗanda ɗan ƙura kaɗan ke hana su dannuwa. Abin ya kai Apple ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, daga baya a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 a shari'ar da masu saye suka shigar a Amurka. Kuma kibod shi ne iyakar ƙanƙantar laftof, ba fuska ba. Yatsun mutum ba sa raguwa. Faɗin kibod cikakke shi ne ya cika jikin mai inci 12 ɗin nan daga gefe zuwa gefe. Idan yau ka ɗauki wannan jikin, ka rage baƙin gefen da ke zagaye da fuskar kamar yadda ake yi yanzu, fuskar da za ta shiga ciki ta haura 12, ta doshi 13. Don haka in ma sun dawo da wannan jikin, ba za a kira shi 12 ba.

Sannan kuɗi. Dala 1,299 aka sa masa, ya fi Air na lokacin tsada alhali Air ya fi shi ƙarfi da yawan ramuka. Wa zai ƙara kuɗi a rage masa kaya?

Ummu Sudais:
Ni fa zan ƙara, Malam. Ku maza kuna da jakar goyo, ku zuba duk abin da kuka ga dama. Ni daga gida zuwa wajen aiki adaidaita biyu nake shiga, ga jakar hannu ga ta yaro. Bambancin gram 920 da kilo 1.24 na Air ba a jinsa a takarda, a kafaɗa ake ji.

Alhajin Banex:
Hajiya, ke ɗaya ce cikin ɗari. Ni mai sayarwa ne, ba mai hasashe ba. Wanda ya shigo shago, abin da ya fara fita bakinsa shi ne "babba nake so". Ko ƙaramin ya fi ƙarfi, in ka ajiye masa su biyu kuɗi ɗaya, babban zai ɗauka, don a ganinsa ya fi cika ido, kuma ran da zai sayar ya fi saurin fita. Ba a nan kaɗai ba. Ku duba waya. Apple ya yi iPhone 12 mini da 13 mini masu inci 5.4, masu rubutu a intanet suka yi ta yabo, amma a 2022 aka cire shi aka sa 14 Plus mai 6.7 a gurbinsa. Masu son ƙaramin abu sun fi kowa surutu, sun fi kowa ƙarancin sayayya. A yi haƙuri.

Ummu Sudais:
Alhaji surutun ma ai da hakkinmu muke yi.

Malam Lissafi:
Ku ba ni dama in sa baki, don ina ganin lambobin nan suna ruɗar mutane. Incin da ake faɗa ba faɗi ba ne ba tsawo ba ne, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Abu biyu ke biyo bayan haka.

Na farko, ƙarin inci kaɗan ƙarin fili ne mai yawa. Daga 13.6 zuwa 15.3 bai kai inci biyu ba, amma filin fuskar ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari. Daga 14.2 zuwa 16.2 kuma wajen kashi 30.

Na biyu shi ne wanda ba a cika lura da shi ba: siffar fuskar. Laftof ɗin da suka cika kasuwarmu masu inci 15.6 siffarsu 16 da 9 ce, irin ta talabijin, faɗi santimita 34.5, tsayi 19.4. Air mai 15.3 faɗinsa kusan 32.6 ne, tsayinsa 21.1. Ninka su ka gani. Na farko ya ba ka wajen 670, na biyu wajen 688. Wato wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi fili. Haka laftof ɗin HP EliteBook 840 mai inci 14 da kowa ya sani, tsofaffin masu siffar 16 da 9, filinsa da na Air mai 13.6 kusan kunnen doki suke. Kuma ga mai rubutu ko mai aikin Excel tsayi ya fi faɗi amfani, layuka sun fi bayyana. Shi ya sa Microsoft ya zaɓi siffar 3 da 2 a kwamfutocinsa na Surface.

To Baban Hanifa, 17 ɗin da kake jira, a wace siffa?

Baban Hanifa:
Malam ka kama ni da tambaya. A irin siffar da suke kai yanzu mana, 16 da 10 da ɗan ƙari a sama inda tsagin kyamara yake. Ni aikina haɗa bidiyo ne. Ga layin lokaci a ƙasa, ga hoton a sama, ga akwatunan launi a gefe. Duk incin da aka ƙara ina da abin da zan zuba a ciki. Kuma ba sabon abu ba ne, sun yi mai 17 har zuwa 2012. LG yana yin laftof mai suna Gram mai 17 da nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Razer da Asus suna yin masu 18. Ba wai abin ba ya yiwuwa ba ne.

Mai Gyaran Beirut:
Yana yiwuwa, amma akwai katanga, batir. Dokar jiragen sama ita ce batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da neman izinin kamfanin jirgi ba kada ya wuce awon 100Wh. Pro mai inci 16 a daidai bakin wannan iyakar yake. Duba yadda suka yi da Air: ƙaramin batirinsa 50 da 'yan kai, babban 66.5, amma dukansu awa 18 aka rubuta musu. Me hakan ke nufi? Duk ƙarin batirin babbar fuskar ce ta cinye shi. To a Pro babu sauran wurin ƙari. In ka ƙara fuska, awannin aiki ne za su ragu, kuma awannin nan su ne babban abin da Apple ke tallata kansa da shi tun zuwan M1, furosesansa na farko na Mac. Masu inci 18 da ka ambata na 'yan gem ne, a jikin soket suke kwana, cajarsu kaɗai kaya ce.

Tsohon mai 17 ɗin ma kusan kilo uku ne. Na yanzu mai 16 ya ɗan haura kilo biyu. Kuma saboda an rage baƙin gefe, tazarar da ke tsakaninsu a ido ba ta kai yadda kake tunani ba.

Baban Hanifa:
Amma OLED ai ba ya cin wuta kamar wannan.

Mai Gyaran Beirut:
Ya danganta da abin da ke kan fuskar. In baƙi ne, ɗigon a kashe yake, ba ya cin komai. In farin shafi ne kamar Word ko burauza, kowane ɗigo a kunne yake, nan kuma ci yake yi sosai. Aikin laftof kuwa yawancinsa farin shafi ne. Kar ka dogara da wannan.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina bin ku tun ɗazu. Mu nan abin dariya ne, don abin da za a fitar a Amurka baɗi sai ya yi shekara uku ko huɗu kafin ya iso hannun talaka a matsayin na hannu. Kuma namu da yawa daga Faransa suke zuwa da kibod na AZERTY, wanda ya saba da na wajenku sai ya yi ta neman harafin A. Amma ina da tambaya ta gaske. Wa ke yanke waɗannan lambobin? Me ya sa 13.6 ba 13.5 ba, me ya sa 16.2?

Malam Lissafi:
Na Apple ɗin yana da sauƙin bayani. Sun ɗauki fuska mai siffar 16 da 10, suka ƙara ɗan layi a sama gefe da gefen kyamara don ya ɗauki jerin menu. Wannan ɗan layin ne ya mai da 13.3 ya zama 13.6 kusan, tare da rage gefe. Amma akwai babban dalili a bayan wannan.

Injiniya Sokoto:
Bari in ɗora a kan na Malam, don nan ne ainihin maganar take. Apple ba ya ƙera fuska da kansa. Samsung Display, LG Display, BOE na Sin da Sharp su ke yi. Kuma ba ɗaya-ɗaya ake yin su ba. Wani ƙaton farantin gilashi ake shimfiɗawa, a gina ɗigogin a kansa, sannan a yayyanka. Kamar tela da yadi: in ya auna ya ga riga huɗu za su fita cif, in ka ce ya ƙara inci ɗaya a kowacce sai uku su fita, ragowar ya zama ƙyalle, kuma kai za ka biya kuɗin ƙyallen.

Masana'antun OLED da ke yin fuskar waya yawanci farantinsu ƙarni na shida ne, milimita 1,500 a 1,850. Ya yi wa waya daidai, amma in ka zo yanka na laftof kaɗan ke fita, tsada ta hau. Shi ya sa a 2023 Samsung Display ya sanar da zuba kuɗin Koriya won tiriliyan 4.1 a masana'antarsa ta Asan a Koriya ta Kudu don farantin ƙarni na 8.6, wanda ya haura mita biyu ta kowane gefe. BOE ma ya fara gina irinta a Chengdu ta ƙasar Sin. Wannan jarin don laftof da tablet aka yi shi. To wanda ya zuba irin wannan kuɗin zai fi son girman da kowa ke saye, 14 da 16, don ba Apple kaɗai zai sayar wa ba. Duba kasuwar gaba ɗaya: 13.3 ya koma 14, 15.6 yana komawa 16, 17.3 ya koma 18. Dell ma a 2024 XPS 14 da 16 ya fito da su. Ni hasashena Pro zai tsaya a 14 da 16, in an samu canji bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu bayan lamba ba, sakamakon ƙara rage gefe.

Baban Hanifa:
Injiniya na ji, amma Apple ba ƙaramin kwastoma ba ne. In ya ce 17 yake so za a yanka masa. iPad Pro na 2024 ai OLED mai hawa biyu aka yi masa musamman.

Injiniya Sokoto:
Za a yanka masa, ba musu. Tambayar ita ce ko yana so. Dubi matakalar farashi a Amurka a 2025: Air ƙarami dala 999, babba 1,199, Pro ƙarami daga 1,599, babba daga 2,499. Kowane mataki an jera shi ne don ka ce "bari in ɗan ƙara in hau na gaba". Ina mai 17 zai zauna? Sama da 2,499, inda masu saye suka riga suka yi ƙaranci. Gurbin da yake a buɗe a lokacin a ƙasa yake, ƙasa da 999. Alamar ma ta bayyana, a 2024 kantin Walmart na Amurka ya fara sayar da tsohon Air na M1 a kan dala 699, daga baya ya sauko 649, sabo a kwali. Sun gwada ruwan sun ga zurfinsa.

Alhajin Banex:
Yauwa. Wannan shi ne zancen kasuwa.

Ummu Sudais:
To ai mun dawo kan maganata. In mai arahar zai zo, kuma an ce 12.9, ƙaramin da nake so ke nan.

Injiniya Sokoto:
Ƙarami a fuska, Hajiya, amma ban sa ran zai yi rashin nauyin na 2015 ba. Sirantarwa kuɗi take ci: batir mai hawa-hawa da aka yanka daidai da jiki, ƙaramin allon ciki, ƙarfe da aka fafe sosai. Abin da aka yi don araha ba ya samun wannan gatan. Ina zaton za ki ga abu mai nauyi kusa da na Air, fuska mara tsagin kyamara mai ɗan kaurin gefe, launuka masu kyau don ɗalibai. In ma suka sake amfani da fuskar 13.3 ta M1 ba zan yi mamaki ba, tunda layin yin ta ya daɗe da mayar da kuɗinsa.

Ummu Sudais:
Kai Injiniya, ka iya kashe wa mutum gwiwa.

Auta:
Ni kuma na ga wani bidiyo ana cewa za su yi mai naɗewa, in ka buɗe ya zama inci 20. Gaskiya ne?

Baban Hanifa:
An daɗe ana faɗa. Wasu su ce 18.8, wasu su ce 20 da ɗoriya, kuma shekarar fitowarsa kullum gaba take matsawa. Har yanzu ba a ma daidaita kan Mac ne ko iPad ba. Wasu kamfanonin sun riga sun yi: Lenovo ya fitar da ThinkPad X1 Fold a 2020, Asus ya yi Zenbook 17 Fold a 2022, HP ya yi Spectre Fold a 2023. Ka taɓa ganin ɗaya a hannun wani?

Auta:
Ko a hoto sai yau.

Mai Gyaran Beirut:
Allah ya sa kar ya zo teburina. Kun ga duk wannan lissafin da kuke yi, babu wanda ya ambaci ranar da fuska za ta fashe. A irin EliteBook ko Latitude, in ta fashe sai in ɓalle firam, in kwance gilashin kaɗai, in sa wani, kuma 14 da 15.6 suna nan birjik daga Beirut har Farm Centre, in babu a aiko daga Computer Village ta Legas kwana biyu. MacBook kuwa yawanci murfin gaba ɗaya ake canzawa, kuma kowane girma da kowace shekara da nasa. Girman da aka sayar da yawa a waje shi ake samun kayansa a nan, don daga jikin waɗanda suka mutu ake cirowa. Mai 13 ba ya wahalar samu. Mai 16 sai an yi oda an jira, kuɗinsa kuma ya isa ya sayi wani sistem ɗin na hannu. Mai inci 12 ɗin da Hajiya ke so, yau in aka kawo shi da fasasshiyar fuska sai dai in ba mai shi haƙuri. Don haka ni duk sabon girman da za su ƙirƙiro ba murna nake da shi ba. Gara su tsaya a kan huɗun nan shekara goma.

Ɗan Damagaram:
Wallahi wannan ita ce maganar da ta shafe mu. Ga zafi ga ƙura ga babur.

Baban Hanifa:
Na yarda da batun gyara. Amma ban sauka daga kan 17 ba. Ku tuna kafin 2023 haka ake cewa Air ba zai taɓa yin babba ba, wai duk mai son babbar fuska dole ya sayi Pro. Sai ga 15.3. A 2021 ma wa ya zaci za su dawo da HDMI da ramin katin kyamara da MagSafe, cajar nan mai maganaɗisu, bayan sun cire su a 2016? Kamfanin nan yana komawa baya in ya ga kuɗi. Kuma ana ta rahoton cewa Pro mai OLED zai zo da fuskar taɓawa, alhali Steve Jobs da kansa a 2010 ya kushe taɓa fuskar da ke tsaye, ya ce hannu gajiya yake. In za su iya lashe wannan, 17 ba komai ba ne.

Malam Lissafi:
Misalin Air ɗin kuwa yana goyon bayan Injiniya ne, ba kai ba. 15.3 ya cike gurbin farashi tsakanin 999 da 1,599, kuma ya faɗa cikin girman da duniya ta fi saye. Mai 17 ba shi da ɗaya daga cikin biyun. Kuma fuskar taɓawa in ta zo, ƙarin dalili ne na kada a girmama ta, don dogon murfi ya fi rawa in ka danna shi, sai an ƙarfafa maƙalar, nauyi ya ƙaru.

Alhajin Banex:
Baban Hanifa ka sayi monita mai inci 27 ka ajiye a ofis ka huta. Ina da su.

Baban Hanifa:
Alhaji da wace wutar? Laftof ɗin ai don NEPA na saye shi. Monita ba ta da batir.

Alhajin Banex:
Inbata ma ina da ita.

Admin:
Alhaji a kai talla zauren kasuwa, ranar Juma'a ce ranarta a nan.

Auta:
To ni yanzu ya zan yi? Ina tara kuɗin Air na M1 na hannu saboda makaranta. In jira mai arahar ne?

Mai Gyaran Beirut:
Kar ka jira shi, ƙanina. In ya fito ma sabo ne, ga kuɗin dala ga na kwastan. Amfanin da zai yi maka shi ne zai sauko da farashin na hannu, wannan kuma sai bayan watanni. In karatu ya matso ka sayi M1 ɗin, 13.3 ya ishe ka, kuma kayan gyaransa sun fi na kowanne yawa. Ka duba lafiyar batir da zagayen cajinsa, ka tabbatar mai shi ya cire iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple, a gabanka, kuma ba na wani kamfani ba ne da aka kulle.

Ummu Sudais:
Tunda kun hana ni mai 12, Air ƙaramin nawa ne faɗinsa? Ina so in ga ko zai shiga jakata.

Malam Lissafi:
Santimita 30.4 a 21.5. Babban kuma 34 a 23.8.

Ummu Sudais:
Bakin jakar 29 ne. Sai dai in canza jaka.